Martani ga Mai Cewa Alƙaluman Samfur Ƙarya Ne

Malam, na karanta rubutunka a kan alƙaluman haihuwa da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ke fitarwa, na kuma ga yadda matasan unguwarmu ta Bukoki suka karɓe shi hannu bibbiyu. Ka ce an shekara ana gaya wa duniya cewa macen Nijar tana haihuwar yara 7.6, alhali mata dubu goma sha ɗaya kawai aka tambaya a ƙasar da ke da mutum miliyan 17 a lokacin. Ka ce babu wanda ya taɓa yi maka sallama a ƙofar gida da takardar tambayoyi, kuma da ka dubi layinku, daga mai uku sai mai huɗu sai mai biyar. Daga nan ka yanke hukunci: duk adadin da bai fito daga ƙidayar kowa da kowa ba, ƙage ne, kuma babin da ake koya wa ƴan shekarar farko a jami'a kan yadda matsakaicin samfur ke rarrabuwa siddabaru ne da aka ƙirƙira don a rufe bakin mai tambaya.

Ni malamin lissafi ne, babin nan kuma shi nake koyarwa. Ban ga laifinka ba da ka yi shakka, domin adadin da za a gina asibiti ko a hana gina shi a kansa ya cancanci a tuhume shi. Sai dai an bar jaki ana dukan taiki. Akwai wuraren da bincike irin wannan ke yin rauni ƙwarai, zan kuma nuna maka su, amma ƙanƙantar samfurin ba ta cikinsu.

Mu fara da adadin kansa. Ya fito ne daga binciken al'umma da lafiya na 2012, wanda aka tambayi mata 11,160 masu shekara 15 zuwa 49. Rahoton bai ce kowace mace tana da yara bakwai da ɗoriya a ɗakinta ba. Abin da ya auna shi ne yawan haihuwar da aka yi a kowane rukunin shekaru cikin shekara uku kafin binciken, sannan ya ce: in mace ta bi ta dukan waɗannan shekarun da wannan saurin, ga abin da za ta haifa kafin ta daina. Yarinya mai shekara 25 da ke da uku ba ta ƙaryata shi ba, ba ta gama ba ne. Kuma da ka buɗe shafin da aka rarraba adadin jiha jiha, da ka ga Yamai 5.3 aka ba ta, Maraɗi 8.4, Damagaram 8.5. Wato abin da idonka ya gani a layinku ya fi kusa da abin da rahoton ya faɗa game da birninka fiye da yadda kake zato. Ka ɗauki adadin ƙasa baki ɗaya, wadda mafi yawan mutanenta ke karkara, ka gwada shi da layi ɗaya a tsakiyar babban birni.

To amma asalin tambayarka tana nan: ta yaya ƴan kaɗan za su yi magana da bakin masu yawa? Amsar tana cikin babin da ka raina, kuma ba ta buƙatar kwamfuta. Alƙalami da bayan ambulan sun isa.

Ɗauki gidan haya irin na unguwarmu, ɗaki biyar a tsakar gida ɗaya. A ce masu kwana a ɗakunan su ne 2, 3, 5, 8 da 12. Jimla 30, matsakaici 6. Yanzu a ce ba ka da ikon shiga duka, ɗaki biyu kawai za ka zaɓa ta ƙuri'a ka fitar da matsakaicinsu. Hanyoyin zaɓen ɗaki biyu cikin biyar guda goma ne, kuma ga abin da kowace za ta ba ka: 2.5, 3.5, 4, 5, 5.5, 6.5, 7, 7.5, 8.5 da 10. Dubi jerin da kyau. Babu ko ɗaya da ya faɗa daidai kan 6, nan kana da gaskiya, samfur yana kuskure. Amma tara goman ka raba da goma: 6 cif. Kuskuren bai jingina gefe ɗaya ba, abin da ya hau sama ya biya abin da ya sauka ƙasa. Sannan ɗakunan kansu sun bazu daga 2 har 12, matsakaitan kuwa daga 2.5 zuwa 10, kuma fiye da rabinsu sun taru tsakanin 4 da 7.5. Ƙara ɗaki ɗaya, ka riƙa zaɓen uku: mafi ƙanƙanta 3.3, mafi girma 8.3. Zaɓi huɗu: daga 4.5 zuwa 7. Duk lokacin da samfurin ya ƙaru, ɗaki mai mutum 12 yana samun ƙananan da za su janyo shi ƙasa, mai mutum 2 yana samun manyan da za su ɗaga shi.

Wannan jerin na dukan matsakaitan da ƙuri'a za ta iya fitarwa, shi ne abin da babin ke magana a kai. Mai bincike samfur ɗaya yake ɗauka, matsakaici ɗaya yake samu, bai kuma san ko nasa ya hau sama ko ya sauka ƙasa ba. Abin da ya sani shi ne halin dangin da nasa ya fito daga cikinsu: inda suke taruwa da iya nisan da suke kaucewa. Mutane suna bambanta da juna sosai, matsakaitansu kuwa ba sa bambanta haka. Rubutunka daga farko har ƙarshe ya haɗa waɗannan biyun ya mai da su abu ɗaya.

A aji nakan yi shi da hannu kafin in rubuta ko da harafi ɗaya na ƙa'ida. Ana yayyanka takarda ƙanana, a rubuta lamba a kan kowace, a nannaɗe a zuba cikin ƙwarya. Da gangan nake sa lambobin su karkace, ƙanana da yawa, manya ƴan kaɗan. Kowane ɗalibi ya zo ya girgiza, ya zari huɗu, ya fitar da matsakaici, ya je allo ya ɗiga alama da alli a kan layin lambobi, ya mayar da takardun. Kafin a zagaye ajin sau biyu, alamomin sun watsu ko'ina, har wasu ɗalibai su fara faɗin irin maganarka. Sai in ce a sake, kowa ya zari 25. Nan ajin kan yi tsit, domin alamomin sun fara hawa kan juna a wuri ɗaya, tudu a tsakiya, gangare dama da hagu, ga shi kuwa lambobin da ke cikin ƙwaryar ba su da wannan siffar ko kaɗan. Sai a ƙarshe nake zazzage ƙwaryar mu lissafa matsakaicin gaskiya, su ga yana ƙarƙashin tudun.

Wannan tudun ba sabon abu ba ne. Abraham de Moivre, Bafaranshe mai zaman gudun hijira a Landan, ya gano siffarsa a 1733 yana lissafin jefa kwabo. Laplace ya faɗaɗa shi a 1810, ya nuna cewa matsakaicin abubuwa masu yawa da aka ɗebo ba tare da ɗaya ya shafi ɗaya ba yakan ɗauki wannan siffar, ko da asalin abubuwan ba su da ita. Kuma lissafin ya faɗi faɗin tudun. Ka auna yadda mutane ko gidaje suka bambanta da juna, ka raba da tushen yawan samfurin, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka yawan nan: tushen 9 shi ne 3, na 100 shi ne 10, na 400 shi ne 20. A ce, don misali, gidajen wani gari sukan kauce wa matsakaicin yawan mutanensu da kimanin mutum 3. In ka ɗauki gida 9, matsakaicinka zai riƙa kaucewa da kimanin mutum 1. Gida 100, ya koma 0.3. Gida 400, 0.15. Kuma cikin kowane samfur 100 da za a ɗauka, kusan 95 za su faɗa cikin ninki biyu na wannan tazarar. Lura da tsadar abin: kafin ka rage kuskure da rabi, sai ka ninka aiki sau huɗu. Shi ya sa hukumomi ke tsayawa a dubu goma ko makamancin haka. Daga nan kuɗin da za a ƙara ya fi amfanin da za a samu, gara a kashe shi wajen horar da masu tambaya.

Sake duba lissafin nan, Malam, ka nemo mini inda yawan mutanen ƙasa ya shiga. Bai shiga ba. Muddin jama'ar ta fi samfurin yawa nesa ba kusa ba, ko miliyan 1 ce ko 17 ko 200, faɗin tudun kusan ɗaya ne. Na san wannan ne ya fi wuyar haɗiya, amma ƴan hatsin Katako, nan kusa da mu, da shi suke aiki kullum. Mai sayen buhu ba ya zazzage shi ya duba ƙwaya ƙwaya. Yakan kwance baki, ya nutsa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo daga ciki, ya baza a tafi, ya hura, ya dubi ƙaiƙayi da tsakuwa da ɓarnar ƙwari, wani lokacin ya sa a soki gindin buhun ya ga abin da ke ƙasa. Bai taɓa cewa tunda wannan buhun mai kilo 100 ne, sai ya ɗebi ninki biyu na abin da ya ɗiba a mai kilo 50 ba. Tsoronsa ɗaya ne: kada a ce an zuba mai kyau a sama an ɓoye maras kyau a ƙasa. Damuwarsa inda hannun ya shiga ne.

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ya kamata alƙalaminka ya sauka. Duk lissafin da na kawo yana tsaye ne a kan sharaɗi ɗaya: ƙuri'a ce ta zaɓa, kuma kowa yana cikin jerin da aka yi ƙuri'ar a kansa. In sharaɗin ya faɗi, yawa ba ya ceto. A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta kuma sanar cewa Alf Landon zai kayar da Roosevelt. Roosevelt ya ci jiha 46 cikin 48. Sunayen da mujallar ta yi aiki da su ta samo su ne galibi daga littattafan masu tarho da rajistar masu mota, a lokacin da talaka ba shi da ko ɗaya, sannan waɗanda suka ga damar amsawa ba irinsu ɗaya da waɗanda suka yi shiru ba. George Gallup, da samfurin da bai wuce kashi kaɗan na wancan ba, ya faɗi wanda zai ci daidai. Mutum miliyan 2 da aka ɗebo a karkace sun ba da amsar ƙarya da cikakken tabbaci.

Saboda haka tambayoyin da za su girgiza hukuma ba su ne “mutum nawa kuka tambaya” ba. Ka tambaye su daga wane jeri suka zaɓa. Bincike irin wannan yakan fara ne da yankunan da aka yanka lokacin ƙidayar jama'a, ƙuri'a ta zaɓi wasu ɗaruruwa, ma'aikata su je su rubuta dukan gidajen da ke cikin kowane, a sake ƙuri'a a fitar da gidajen da za a shiga. To unguwannin da suka tsiro a gefen Yamai bayan an yi taswirar fa? Makiyayin da ke tafe da garkensa tsakanin Tawa da Agadas, a wane jeri yake? Ƙauyukan Tilaberi da Difa da rashin tsaro ya hana ma'aikaci zuwa, an cire su ne, kuma in an cire, an faɗa a rahoto? Ga kuma abin da ke faruwa a kan tabarma lokacin hira. Mun san kunyar ɗan fari a ƙasar Hausa, mun san uwar da ba ta son ambaton yaron da ya rasu yana jariri, mun san wadda ba ta da takardar haihuwa sai a kimanta shekarunta da wata yunwa ko wani mulki. Waɗannan kurakuran ba sa raguwa don an ƙara yawan gidaje. Ko da an shiga kowane gida a Nijar, suna nan.

Akwai ma ragin da masu binciken kansu ke yi. Tunda gidajen tari tari ake ɗebo su, kuma maƙwabta sukan yi kama da juna a sana'a da abinci da yawan iyali, gida 25 daga yanki ɗaya ba su kai darajar gida 25 daga wurare daban daban ba. Sau da yawa samfurin dubu goma ƙarfinsa na dubu biyar ne ko ƙasa. Ana lissafa wannan, kuma rahotannin binciken al'umma da lafiya suna da rataye a baya inda ake jera kuskuren samfur na manyan alƙaluma, da iyakar ƙasa da ta sama. Abin da ke damuna shi ne, daga rahoto zuwa rediyo zuwa bakin ɗan siyasa, iyakokin nan sukan zube a hanya, adadi ya iso kunnen jama'a shi kaɗai kamar an auna shi da sikeli.

Ka kawo cewa a 2012 an ce 7.6, binciken 2021 kuma ya ce 6.2, wai wannan ya nuna ƙirƙira ake yi. Ni akasin haka na gani. An yi irin wannan binciken a 1992, 1998, 2006 da 2012, kowane da nasa samfurin da nasa ma'aikatan, kuma duka huɗun sun faɗa tsakanin 7 da 8. Haka tudun ya ce za a gani in abin da ake aunawa bai motsa sosai ba. Tazarar 1.4 kuwa ta fi ƙarfin lilon ƙuri'a a samfur mai wannan girman. Ko dai haihuwa ta ragu da gaske cikin shekara tara, ko hanyar binciken da wuraren da aka iya kaiwa sun sauya, ko duka biyun. Babin da ka ce a soke shi ne kaɗai ya ba mu ikon cewa wannan bambancin ba na sa'a ba ne, a je a binciko dalilinsa.

Ƙidayar kowa da kowa da ka jingina da ita, ina girmama ta, domin ba don ita ba babu jerin da za a yi ƙuri'a a kansa. Amma Nijar ta yi ta ne a 1977, 1988, 2001 da 2012, wadda ta ba da mutum 17,138,707, aka kuma shafe sama da shekara 10 ba a sake ba. Kuma ba ta tsira daga gardama ba: a Najeriya an soke sakamakon ƙidayar 1962, an soke na 1973, har yau ana jayayya a kan na 2006. Aikin da ke buƙatar dubban ma'aikata da aka horar cikin gaggawa ya fi saurin tara kuskure a kan aikin ƴan ɗaruruwa da ake bin sawunsu. Mahalanobis ya nuna haka a Bengal ta Indiya, inda kimanta noman ramar buhu ta samfur ya fi ƙirgen gona gona kusantar gaskiya, da kuɗi kaɗan, abin da ya kai ga kafa hukumar binciken samfur ta Indiya a 1950. Hasali ma, in an gama ƙidaya ana son sanin mutum nawa aka tsallake, samfur ake ɗauka a koma a duba. Gardamarka an yi ta a Turai: lokacin da Anders Kiaer na Norway ya kawo shawarar samfur a taron masana ƙididdiga a Bern a 1895, manyan masana sun ƙi, sai bayan aikin Jerzy Neyman na 1934 hanyar ƙuri'a ta zauna da gindinta.

Abin da ya sa ban iya yin shiru ba shi ne abin da ke rataye a kan wannan. Duk wanda ya ga yunwar 2005 a Maraɗi ya san kuɗin jinkiri rayukan yara ne. A watan Yunin 2010, binciken abinci mai gina jiki ya nuna kashi 16.7 cikin 100 na yara ƴan ƙasa da shekara biyar suna fama da tamowa, sama da kashi 15 da hukumar lafiya ta duniya ta ɗauka a matsayin halin gaggawa. Ba a auna kowane yaro a Nijar ba, da an jira haka da damina ta wuce. Wasu dubbai aka ɗora a sikeli aka auna tsawonsu. Kuma sanin faɗin tudun ne ya sa aka iya dogara da adadin: da yara 100 kawai aka auna, 16.7 zai iya zama 10 ko 24, ba wanda zai san ko a buga ƙararrawa. In matasan da suka karanta rubutunka suka tashi da imanin cewa duk irin wannan adadin ƙage ne, ranar da ma'aikaciya za ta yi sallama da sikeli a hannu za su rufe mata ƙofa, su kuma zama ainihin ramin da ke karkatar da sakamakon.

Inda zan tsaya tare da kai ba tare da wani sharaɗi ba shi ne Bukoki. Binciken ƙasa yana iya magana a kan Nijar, yana iya magana a kan jihar Yamai da tazara mai ɗan faɗi, amma ba shi da bakin magana a kan unguwa ɗaya, domin gidajen da ƙuri'a ta faɗa musu a nan ƙila ba su wuce ƴan gomomi ba, ƙila babu ko ɗaya. A faɗin ƙasa ko gida ɗaya cikin 100 ba a shiga ba, don haka rashin zuwa gidanka shi ne abin da lissafi ya sa ran gani. Duk wanda ya ɗauko adadin ƙasa ya ce haka Bukoki take, ya yi wa lissafin ƙarya. Haka nan ƙa'idar nan da ake haddace wa ɗalibai, wai samfur 30 ya isa, ba ta tsaya ko'ina ba. In kuɗin shiga kake aunawa a unguwar da babban ɗan kasuwa ɗaya ke zaune tsakanin masu tura amalanke da masu sayar da ƙosai, shigarsa ko rashin shigarsa samfurin zai juya matsakaicin baki ɗaya, sai an ɗauki ɗaruruwa kafin tudun ya daidaita. Wannan ma cikin babin yake, ga malamin da ya koyar da shi da gaskiya.

Roƙona gare ka, Malam, ka sake ɗaukar alƙalami. Ka nemi INS da gidajen rediyo su riƙa faɗin kowane adadi tare da iyakokinsa biyu, da Hausa da Zabarmanci, su faɗi yankunan da ba a kai ba da shekarar jerin da aka yi ƙuri'a a kansa. Ka nemi magajin gari ya sa ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni su yi wa unguwanni irin tamu nasu binciken, gida 400 da ƙuri'a ta zaɓa, a kan ruwan sha da haya da yaran da ba sa zuwa lakwal. In ka rubuta wannan, sa sunana a ƙarƙashin naka.